Geron Babana, Sunan Minista

Shekarun baya, tun ina koyarwa a wata lakwal, wato makarantar boko, a nan Dogon Dutsi, ni ce sakatariyar mahaifina ba tare da kowa ya naɗa ni ba. Shi ajami ya iya. Faransanci kuwa ko gaisuwa ba ya yi da shi, don haka duk takardar da za ta tafi Yamai sai ta bi ta hannuna. Ɗan kasuwar gero da wake ne, mai buɗaɗɗen hannu, irin mutumin da in ya ji an ce rumbun wane ya ƙare, tuwon ranar ba ya yi masa daɗi. Ni ban gado shi a nan ba. Abin da Allah ya ba ni shi ne zargi. Mahaifiyata takan ce ko kaza ce ta kalle ni sau biyu, sai na tambayi wanda ya aiko ta. Ku riƙe wannan a ranku, don ku san irin bakin da ke ba ku labarin.

A shekarar da nake faɗi damina ta yi gardama, ruwa ya ɗauke gero bai gama cika ba. Tun rani bai yi nisa ba garuruwan wajen Gecheme, inda can ne asalinmu, suka fara cin abin da suka ajiye na iri. Zakkarsa Baba ya riga ya fitar tun da kaka, ya ba waɗanda malaminsa ya ce a ba. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne sadakar da yakan yi bayan zakka, kamyo, wato babbar mota, guda na gero, da hanyar da zai bi ya kai shi bakin masu yunwa.

Dalilin damuwar kuwa, an taɓa ƙona shi. A wata shekara can baya ya aika da irin wannan gero ta hannun 'yan komitin garuruwa, aka yi masa godiya har da roƙo. Bai daɗe ba sai ga buhunansa a kasuwa, a nan cikin gari, ana ciniki. Ya gane su ne saboda shi kaɗai ke ɗinke bakin buhu da jan zare. Bai yi faɗa da kowa ba. Ya taya buhu ɗaya, ya saya, ya sa aka kawo gida aka jingine a zaure. Duk wanda ya shigo ya tambaya, sai ya ce, "Sadakata ce na sayo." Buhun nan ya zauna a zaure har ƙwari suka cinye shi.

To, a lokacin akwai wata ƙungiya ta Kiristoci da ke da mangaza, wato ɗakin ajiyar hatsi, bayan majami'arsu. Ana ta faɗin cewa su ba sa ba namiji buhu, da tiya suke aunawa su zuba a kwanon matar gida, a gaban idon kowa. Baba ya ji, abin ya shiga ransa, amma bai yarda da su ba. Sai ya ce a rubuta wa taubashinsa.

Wannan taubashi ɗan gwaggonsa ne, tare suka yi kiwon awaki suna yara. Shi aka kai lakwal, ya yi ta hawa har ya riƙe minista, daga baya aka sauke shi ya zauna a Yamai ana zuwa neman shawararsa. Mu Baban Yamai muke ce masa. Kun dai san yadda taubasantaka take a wajenmu: ɗan mace da ɗan namiji, kowa na cewa ɗayan bawansa ne, a zagi juna a gaban jama'a, a ƙwace hula, a ƙwace takalmi, kuma wanda ya yi fushi ko ya tsaya musu shi ya ji kunya. Su biyun sun tsufa a kan haka. Waya kuwa Baba ba ya maganar kirki a cikinta, ya ce tana da kunne, ga shi kuma yaran minista ke ɗauka. Saboda haka takarda muke yi, mu ba wani direba da ke lodi zuwa Yamai, a haɗa masa da zabbi ko man gyaɗa, don takarda ba ta tafiya hannu sake.

Na zauna da biro, Baba ya kishingiɗa a kan buzu ya ce, "Rubuta: zuwa ga bawana."

Na ce, "Baba, minista ne fa. Wani zai iya buɗe masa takardar."

Ya ce, "Minista ga mutanen Yamai. Rubuta bawa, ɗiyata, kar ki rage mini magana."

Na rubuta. Bayan ya tambayi lafiyar tumbinsa da ko har yanzu yana tsoron bunsuru, sai ya shiga ainihin maganar. Su waye waɗannan mutane? Wa ke ba su abin da suke rabawa? Gwamnati ta san da zamansu? In mace ta karɓi tiya, ana ce mata ta zo majami'a ranar Lahadi? Ko suna ɗaukar hoton mayunwata ne su kai Turai su yi bara da fuskarmu? Wallahi na ji daɗin rubuta waɗannan tambayoyi. Har na ƙara guda biyu na kaina, na karanta masa, ya ce a bar su.

Amsa ta zo a mota ta gaba. Baban Yamai ya fara da cewa zabbin ramammu ne kamar mai su. Sannan ya ce ya san ƙungiyar tun yana buro, wato ofis, takardunsu daidai suke. Ya ce ba waliyyai ba ne, suna son addininsu ya yaɗu kamar yadda Baba ke son nasa, amma bai taɓa jin an ce sun rage tiya ko sun ɗaura wa hatsi sharaɗi ba. Har nan lafiya. Sai a ƙarshe ya jero nasa tambayoyin: buhu nawa ne, waɗanne garuruwa za a kai, wace rana za a yi rabon.

Nan na ajiye takardar. Zaɓe na matsowa, kuma gari duk ya ɗauka cewa Baban Yamai na son komawa neman depite, wato ɗan majalisa, a daidai yankin da za a kai geron. Na ce, "Baba, wanga mutum ba yunwar jama'a ta dame shi ba. Mi ya haɗa shi da ranar rabo?"

Baba ya ce, "Ke dai karanta abin da ya rubuta, ki bar abin da bai rubuta ba."

Takardu suka yi ta kai da kawowa a wannan rani. Baba ya tambaya, minista ya amsa, ya sake cuso tambayarsa ta rana da wuri. Ni kuwa duk amsar da za mu mayar sai na yi ƙoƙarin dulmiyar da wannan wajen, in rubuta "in Allah ya yarda nan gaba kaɗan". Daga baya Baba ya gane ni. Ya ce in karanta masa, ya ce, "Ba haka na faɗi ba," ya sa na sake sabuwa.

Daga nan muka je mangazar da kanmu, da hantsi, ni da shi. Mai riƙe da ita wata dattijuwa ce Kirista, tsohuwar ungozoma ta asibiti, ita ce ma ta karɓi haihuwar ƙanena. Na zaci za ta yi ta rawar jiki ganin Alhaji ya kawo kansa. Ina! Ta ba mu benci, ta zauna ta ƙura masa ido, ta ce, "Alhaji, mi kake so ga wanga al'amari? Mun saba, mai kawo buhu da sharaɗinsa yake zuwa."

Baba ya ce, "Sharaɗi kam ina da shi. Ban da wa'azi wajen awo, ban da hoto."

Ta ce, "Na ji. Ni ma ga nawa. Ba ka aiko mini da danginka su tsallake layi. Addu'a kuma ba mu barinta, cikin mangaza muke yin abinmu mu kaɗai kafin mu fito, kuma a kan geronka za mu yi ta, don ka sani tun yanzu."

Baba ya ce, "Ni ma na yi tawa a kansa. Allah ya san tasa."

Ni fa duk wannan lokaci ina zagayawa wai ina duba ko akwai ɗigar ruwa a rufi, alhali bayan buhuna nake leƙawa ko an ɓoye littattafai. Ban ga komai ba sai tarkon ɓera. Aka kawo ruwa na ce na ƙoshi, zafi ya ci ƙarfina na dawo na shanye moɗa guda. Dattijuwar ta ga duk abin da nake yi. Da za mu tafi ta ce, "Madam, ba ki duba ƙarƙashin sikeli ba." Na yi kamar ba da ni take ba. Mun rabu dai kowa na kallon kowa ta gefen ido, amma an shirya.

Abin da ba mu lissafa da shi ba shi ne gari. An ga Alhaji ya shiga gidan mishan, an ga ya zauna a bencinsu, bayan 'yan kwanaki kuma aka ga kamyonsa na sauke buhuna masu jan zare a ƙofarsu. Shi ke nan. Da farko aka ce sayar musu ya yi. Sai aka ce a'a, kyauta ya ba su, kuma ba a ba mishan kyauta a banza. Sai aka ce Turawa sun yi masa alkawarin babban furoje, aikin raya ƙasa mai kuɗi. Kafin ka ce me, an ce an yi masa wanka an sake masa suna, har akwai wanda ya rantse ya gan shi da gicciye a ƙarƙashin riga. Mutumin da ya gina masallacin ƙofar gidansa da guminsa!

Ƙanena yana da shagon sayar da waya, kuma abokansa matasan 'yan kasuwa ne masu tsananin riƙo da sunna. Kullum sai ya dawo gida fuska a murtuke. Ya ce, "Baba, ka janye geron nan. Ba ni iya zama shago, kowa ya zo ba waya yake tambaya ba."

Baba ya ce, "Ka ga na bar salla?"

"A'a."

"To, ka gaya musu abin da ka gani."

Ya ce, "Ba su tambayar abin da na gani."

A masallaci Baba bayan liman yake tsayawa tun ina yarinya. Sai aka fara barin fili a gefensa. Ba wanda ya ce masa uffan, kawai in an tayar da salla na damansa ya ɗan matsa, na hagunsa ya ɗan matsa, liman ya ce a daidaita sahu, kowa ya kalli ƙasa. Baba yakan dawo ya ba da labarin yana dariya, wai ya samu wurin shan iska. Dariyar ba ta kai ciki ba, mu mun sani.

Ranar da ta ƙare masa ita ce ranar da ƙanena ya shigo da la'asar, ya durƙusa, ya kasa ɗaga kai. Ya ce an yi zama, wasu sun ce in Alhaji ya mutu ba za su sallace shi ba, sai dai 'yan mishan su zo su ɗauki nasu. Mahaifiyata ta saki salati. Baba ya tashi ya shige ɗaki. Dama ya tsufa, ga hawan jini, kuma duk wanda ya san shi ya san babu abin da yake yawan roƙo kamar Allah ya ba shi jama'a ranar da za a kai shi. Duk jana'izar da aka yi a garin nan, ta mai kuɗi da ta talaka, yana sahu. Aka kawo tuwo aka mayar yadda aka kawo. Washegari ma haka. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba, na ga mutum na narkewa a zaune.

Da safe ya kira ni ya ce in kawo biro. Wannan karon babu tumbi, babu bunsuru. Ya ce, "Rubuta: bawana, sun ce ba za su sallace ni ba. Gero kuwa ba ni janye shi, an riga an gaya wa mata ranar awo. Asabar mai zuwa ce, a garin kakanmu. Shi ke nan."

Na ce, "Ba ka roƙe shi komi ba."

Ya ce, "Mi zan roƙi bawa?"

Muka aika, ko zabo ba a haɗa ba. Direba ya dawo hannu wofi. Na tare shi na ce ko dai bai kai ba, ya rantse a hannun minista ya sa ta. Na ce to ga shi nan, dama na faɗi. Minista ya samu ranar da yake nema, ya ga kuma maganar ta ɗauko wuta, ya janye jikinsa. Ɗan siyasa ai ba ya tsayawa kusa da wanda gari ya juya wa baya. Na zagi Baban Yamai a raina zagin da ni ba taubashiyarsa ba ce balle ya halatta mini.

Ranar Asabar muka tafi. Hanyar rairayi ce, kamyo na nishi muna bin sa a baya. A gindin wani babban gawo aka sauke buhuna, mata suka yi layi da kwanuka da ƙore, wasu da goyo, kowacce ta ja mayafi ta rufe rabin fuska don kunya. Dattijuwar ta ɗaura zane a ƙugu ta fara awo ita da mataimakanta. Maza na gefe a tsaye suna kallo. Sai ga samari a kan babura tun daga Dogon Dutsi, abokan ƙanena, sun zo da wayoyinsu su ga abin da za a raba bayan gero. Baba na zaune a kan tabarma shi kaɗai. A garin kakansa fa, amma gaisuwa daga nesa ake ɗago masa hannu.

Ana cikin haka muka ji kiɗa. Motoci suka ɓullo, ga makaɗa, ga maroƙa, ga 'yan jam'iyya da zannuwansu. Baban Yamai ya fito da babbar riga tana jan ƙasa. Bai gaida kowa ba, ya nufi Baba kai tsaye, ya fizge hularsa ya ɗora a kan tasa, ya juya ga jama'a ya ɗaga murya.

"Jama'a, kun ga wanga bawa nawa? Na aike shi ya kawo muku gerona, sai na ji wai yana zagayawa yana cika baki nasa ne! Wanga marowaci? Tun muna yara ko ƙanzo bai taɓa ba ni ba! Ni na ce a kai gero mangazar mishan, don su ƙofarsu na da kwaɗo, kuma na san halinku. Shi dako kawai ya yi mini. Kai bawa, ƙarya nake?"

Wuri ya fashe da dariya. Maroƙa suka ɗauka, "Gero na minista! Mai ciyar da Arewa!" Makaɗa suka saki ganga.

Ni ban yi dariya ba. Ƙwaya ɗaya ta mutumin nan babu a cikin buhunan, ni na sani, ni na rubuta komai. Na yunƙura zan yi magana, Baba ya ɗago kai, da kansa a buɗe ba hula, furfura a waje, ya dube ni. Kallo ɗaya ya yi mini na koma na zauna. Sannan ya juya ga taubashinsa ya ce, "Ba ni hulata, ɓarawon awaki." Iyakar abin da ya faɗi ke nan. Bai ce nasa ba ne, bai ce ba nasa ba ne. Kuma babu wanda ya ga baƙon abu a nan, don ba a tsayawa musu da taubashi a gaban jama'a. In ya ce gidanka nasa ne, dariya za ka yi.

Baban Yamai bai tsaya nan ba. Ya je wajen dattijuwar ya ce, "Uwa, gaya musu geron wane ne." Na ce yau za a yi ta, don matar nan ba ta ƙarya. Ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta share bakin tiya da tafin hannu ta ce, "Ranka ya daɗe, ni awo nake yi. Matsa, ka tare wa mata hanya." Aka sake yin dariya, shi ma ya yi, ya matsa. Samarin babura suka ɗauki hoton minista da hula biyu a ka, suka juya gida.

Kafin mu iso Dogon Dutsi labarin ya riga mu. Ashe dako Alhaji ya yi! Ashe kuɗin mota ya karɓa! Dama mun ce, ɗan kasuwa ko kayan wa aka ba shi ɗauka zai yi. Minista kuwa ba wanda ya tuhumi addininsa, ai shi ɗan boko ne ɗan siyasa, ko da wa ma zai yi hulɗa in akwai ƙuri'a. Maganar wanka da gicciye ta mutu kamar ba a taɓa yin ta ba. Abin da ya maye gurbinta shi ne Alhaji bai kai yadda ake zuzuta shi ba, kyautar tasa ma wa ya sani ko duk ta wasu ce. Mutanen da suka kasa yafe masa sadaka ta hannun Kirista, nan da nan suka yafe masa son riba. A masallaci filin nan ya rufe, kafaɗa ta koma jikin kafaɗa. Baba ya koma cin tuwonsa.

Ni ce na kasa ci. Na same shi a zaure na ce, "Baba, tsakani da Allah, kun shirya wanga abu?"

Ya ce, "Ke ke rubuta takardun. Kin ga inda na ce masa ya zo?"

Na ce ban gani ba.

Ya ce, "To."

Na ce, "Ya sace maka suna da rana tsaka, ya mai da kai marowaci, kana dariya."

Ya ce, "Mata sun samu gero?"

"Sun samu."

"Ya sace musu?"

Na tashi na bar masa zauren, don in na zauna zan faɗi abin da bai kamata ba.

Baban Yamai ya ci zaɓensa. Abin da ya fi ci mini rai kuwa, daga wannan shekara duk lokacin da aka shiga matsi Baba sai ya loda kamyo ya kai mangazar nan, ya daina ma sa jan zare, a yi rabo, a yi wa minista addu'a. Shi kuwa gogan ko dami ɗaya bai taɓa aikowa ba. Takarda dai yana aikowa, ya tambayi lafiyar bawansa, ya tambayi rana da wuri. Ni ke karantawa, ni ke mayar da amsa, ina cije baki.

Da Allah ya karɓi ran Baba, da hantsi ne. Mu mata muna ciki, ba mu ga salla ba, amma mun ji ƙasa na amsa takun mutane. Ƙanena ya shigo bayan an dawo, idonsa jawur, ya ce sahu ya cika filin masallaci ya fita har kan hanya, motoci sun tsaya. Ya ce waɗanda suka yi zaman nan na cewa ba za su sallace shi ba, su ne ke ture juna wajen ɗaukar makara. Dattijuwar mangaza ta zo ta zauna cikinmu, ta riƙe hannun mahaifiyata. Da za ta tafi ta raɗa mini, "Ni na san abin da na auna."

Baban Yamai ya iso kafin la'asar. Tun daga ƙofa yake faɗin, "Ina bawan nan? Ya gudu bai sallame ni ba!" kamar yadda taubashi ke yi ko a gidan mutuwa. Sai muryar ta karye masa a tsakiya. Aka kama shi aka zaunar.

Ranar sadakar uku na same shi shi kaɗai a zaure, a kan buzun Baba. Na durƙusa na gaishe shi, na ce ina da tambaya, ya yi mini haƙuri. Na ce, "Baba, ranar nan a gindin gawo, don shi ka zo ko don ƙuri'a?"

Ya dube ni. Ya ce, "Ke ce mai rubuta 'nan gaba kaɗan' ko? Na san hannunki." Sannan ya ce, "Ɗiyata, na ci zaɓe da geron ubanki, ban ɓoye miki ba, kuma na ji daɗinsa. Shi kuma kin ji yawan waɗanda suka sallace shi. Ke malama ce, ki zauna ki auna wanda ya cuci wani."

Ya sa hannu a aljihun babbar riga ya fito da hular nan, ta tsufa ta koɗe, ashe tun ranar bai mayar ba. Na miƙa hannu na zaci ni zai ba. Ya mai da ita aljihu ya ce, "Wagga tawa ce, da hannuna na ƙwace ta."

Yau dukansu sun tafi, har dattijuwar. Na yi awon da ya ce in yi, na sake, ban samu amsa ba. Wani lokaci in ce mutumin nan ya ga ɗan'uwansa zai mutu da baƙin ciki, ya zo ya ɗauke masa kayan da hanyar da shi kaɗai ke da ikon bi, ba tare da ya sa shi yin ƙarya ba. Wani lokaci kuma in tuna tun takarda ta farko yake tambayar rana da wuri, tun kafin kowa ya ce komai a kan Baba, sai zargina ya dawo sabo. Har yanzu ban yarda da shi ba, kuma har yanzu in ina yi wa Baba addu'a sai na ji bakina ya haɗa da shi.

Bara na je biki wajen Gecheme, wata tsohuwa ta gane ni. Ta ce, "Ke ce ɗiyar Alhajin nan mai kamyo, wanda ke kawo mana geron minista?" Ta ce shekarar nan ba don minista ba da jikokinta ba su kai kaka ba, ta ɗaga hannu tana yi masa addu'a. Maganar ta zo mini har baki. Sai na tuna kallon da aka yi mini a gindin gawo. Na ce mata, "Ni ce, Inna." Na ɗaga hannu na ce amin.